Masihiyawan Ƙasar Funtua da Malumfashi da Tarihin Dogararsu ga Allah

Wanda ya tashi daga Funtua ya bi hanyar Bakori ya nufi Malumfashi a tsakiyar damina, idan ya duba dama da hagu, ba abin da zai gani sai dawa da masara da auduga da waken suya iyakar ganin ido, domin ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, wadda tun zamanin da ake kirga arzikin mutum da yawan damman da ya ɗaure aka san ta da albarkar noma. In kuwa ya ratse daga kwalta ya bi turbar da ke shiga daji wajen Kafur, zai riƙa cin karo da gidajen gona manya manya, kowane na zaune shi kaɗai a tsakiyar gonakinsa, kowane kuma ana kiransa da sunan kakan da ya sari wurin. A cikin waɗansu gidajen nan akwai Hausawa na asali, waɗanda ba su da wani harshe sai Hausa, ba su kuma da wani gari sai nan, masu sunaye irin su Bulus da Ishaya da Saratu da Rifkatu haɗe da su Tanko da Jatau da Nomau, kuma addininsu Kiristanci. Su ne ake kira Masihiyawa. Mutanen birni da yawa har yau suna mamakin jin labarinsu, alhali kuwa tarihinsu ya kai kimanin ƙarni guda, kuma tarihi ne wanda kusan kowane babi nasa jarrabawa ce.

Asalin mafi yawansu Maguzawa ne, watau Hausawan da suka zauna kan al'adar kakanni bayan da birane suka musulunta. Da aka yi jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya fara a 1804, malaman daula suka ba su hukuncin ahlul zimma, suna biyan jiziya ana kare musu rai da dukiya, ta haka suka wanzu a dazuzzukan kudancin Katsina da yammacin Kano da arewacin Zazzau. Zamansu zaman gandu ne: maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suna noma gona ɗaya, rumbu ɗaya yana ciyar da su, kowa kuma yana da gayaunarsa, har mata ma suna da tasu gona da nasu rumbu. Sun san Allah, suna kuma rantsuwa da sunansa, sai dai a wurinsu yana nesa ƙwarai, al'amuran yau da kullum kuwa suna hannun iskoki, waɗanda ake yi wa yanka a gindin tsafin gida kafin shuka da bayan girbi. Masana irin su Joseph Greenberg, wanda littafinsa kan Maguzawan Kano ya fito a 1946, da Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi wajen 1970, sun rubuta wannan zaman dalla-dalla. Mutanen nan dai sun san wahala tun kafin su ji bishara. Sun ga fari, sun ga fara, kakanninsu sun ga yunwar 1914 da ake kira Kakalaba, kuma manomin da ya taɓa ɓoye iri a ƙasan rumbu yaransa suna kukan yunwa, ba ya bukatar a koya masa ma'anar jira.

Su ma waɗanda suka kawo bisharar ba da nasara suka fara ba. A ƙarshen 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shiga yankin da a lokacin ake kira ƙasar Sudan, amma kafin shekara ta 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, kudu da Zariya, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuwa daga baya ya koma gida da zazzaɓi ba tare da ya samu ko mutum guda ba. Sai a 1902 ƙungiyarsu, wadda aka sani da SIM, ta samu wurin zama a Pategi. A 1900 kuma ayarin Bishop Tugwell na ƙungiyar CMS ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin kwanaki kaɗan, suka dawo Girku ɗin nan, inda ɗaya daga cikinsu ya mutu. Likitan ayarin, Walter Miller, shi ne ya daure har ya zauna birnin Zariya a 1905.

A wurin Miller ne wani al'amari ya faru wanda Masihiyawa suke ɗauka tushen tarihinsu. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda nazarin ayoyin da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga wata fahimta da hukuma ba ta yarda da ita ba, har aka kashe shi a Kano, almajiransa da ake kira Isawa suka warwatsu wajen Ningi da gabashin Zazzau. Wajen 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo wurin Miller, aka kafa musu ƙauye a Gimi, da makaranta da majami'a. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya yi ta ɗibar manya da yara har ya zama tilas a tashi. Ga mutanen da suka tsira daga takobi, suka yi shekaru suna jira, suka ga kamar alkawari ya cika, sai kuma ga kaburbura. Duk da haka ragowarsu ba su koma da baya ba. Su da 'ya'yansu ne suka zama ginshiƙin Wusasa lokacin da mishan ya koma can a 1929, daga cikin zuriyarsu kuma aka samu Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.

Ƙasar Katsina kuwa ƙofarta ta daɗe a rufe, saboda alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin Musulunci ba, wanda Turawan mulki suka fassara da hana 'yan mishan aiki a ƙasashen sarakuna. Abubuwa biyu suka sauya lamarin. Na farko, a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, wanda duk mai iya karatun boko zai iya sa shi a jaka ya shiga inda Bature ba shi da izinin shiga. Na biyu, a ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, hukumomin En'e suka damƙa wa SIM kula da wuraren jinyar kutare: Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato. Ya kamata a tsaya a yi tunani a kan wannan, domin a nan ne ikilisiyar Hausa ta samu da yawa daga ma'aikatanta na farko. Kuturu a wancan zamani mutum ne da aka cire wa tsammani, maganinsa kuwa allurar wani mai ce mai zafi da ake yi shekara da shekaru, kafin ƙwayar dafson ta yaɗu a shekarun 1950. A zaman jinyar nan mai tsawo waɗansu suka koyi karatu, suka koyi wanke gyambo da ɗaure shi, suka karɓi baftisma, da aka sallame su kuma suka koma ƙauyuka suna ba da magani suna karanta wa mutane Linjila. Mutumin da yatsunsa suka gutsure, idan ya ce Allah bai yashe shi ba, ba a iya ce masa daɗi ne ya sa shi faɗa. Daga baya SIM ta kafa tasha a Malumfashi da makarantar koyon Littafi Mai Tsarki da Hausa, inda ake horar da masu bishara tare da matansu, kuma a 1954 ikilisiyoyin da ta kafa suka zama ECWA.

Funtua ita ma tana da nata labari, amma daban. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta kai Ƙaura Namoda a 1929 ita ce ta mai da garin babbar kasuwar auduga, da injin gurza na kamfanin BCGA, ta kuma jawo akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, waɗanda suka gina majami'unsu na Angilika da Katolika da Baftis. Waɗannan majami'un baƙi ne, ba su cika shafar Bamaguje ba. Sai da rikicin 1966 ya kori mutanen Gabas, kujeru suka zama wayam, sannan limaman ɗariƙar Dominika daga Amurka, waɗanda aka ba ƙasar Sakkwato da Katsina tun 1953, suka juya sosai ga ƙauyuka, Malumfashi kuma ta zama cibiyar horar da katikis. Abin da ya zo da siffar rushewa shi ne ya buɗe aikin da ya fi daɗewa.

Shekarun 1960 da 1970 su ne lokacin da zaman Maguzanci ya fara gagara. Sardauna ya yi rangadin musuluntarwa kafin rasuwarsa, ƙungiyar Kirista ta Sabon Rai Don Kowa ta baza masu wa'azi a ƙauyuka, fari na 1973 ya girgiza rumbuna, shirin bunƙasa noma na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa daga 1975 ya kawo takin zamani da irin masara da hanyoyi, makarantar firamare ta kyauta kuma ta iso a 1976. Gandu ya fara tsagewa, samari suna son kuɗin kansu, yaron da ya shiga aji kuwa sai an tambaye shi addininsa. Da yawa suka musulunta, waɗansu kuma suka zaɓi Kiristanci. Akwai masu cewa sun zaɓe shi ne domin ya fi sauƙi, ba ya sa mata kulle, ba ya hana su noma. Akwai gaskiya a ciki, amma wanda ya ce sauƙi ne kaɗai bai san abin da sabon tuba ya biya ba. A ECWA sai ya bar giya, alhali giya ce ke haɗa gayya da biki da makoki. Sai ya ƙi kama akuyar da mahaifinsa zai yanka wa tsafi, kuma idan a shekarar nan yaro ya yi ciwo ko tsawa ta faɗa wa rumbu, gida duka ya san wanda za a nuna da yatsa. Mai mata biyu yana da tambayar da ba ta da amsa mai daɗi. A wajen gida kuwa ya zama baƙo a ƙasar kakanninsa: Musulmi ɗan'uwansa yana ganin ya bi addinin Nasara, Kirista ɗan Kudu yana jin Hausarsa yana ɗari-ɗari da shi. Shugabanninsu, musamman a ƙarƙashin Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, sun daɗe suna kuka kan wahalar samun filin majami'a da na maƙabarta, da rashin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, da yadda sunan mutum kan sa a yi shakkar takardarsa ta zama ɗan ƙasa.

Wanda yake so ya ga inda ƙarfinsu yake, ya je majami'ar ƙauye ranar godiyar kaka. Ginin ƙasa ne da rufin kwano, ƙararrawarsa kuwa sau da yawa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshen bedi. Maza a gefe ɗaya, mata a ɗaya, yara a ƙasa gaban bagadi. Mai bishara, wanda shi ma manomi ne da fartanya a ƙuryar ɗakinsa, zai karanta nassi da Hausa, sannan a fara shigowa da baiko: damin dawa, buhun masara, kwanon wake, kaza da ƙafafu a ɗaure, kabewa a kan wata tsohuwa. 'Yan Zumuntar Mata, da zanensu iri ɗaya, suna buga tulu da caki suna amshi. Abin lura shi ne ba a soke wannan rana don shekara ta yi muni. Wadda ta kawo buhu bara, bana ta kawo tiya guda, a rubuta, a yi addu'a a kai kamar yadda aka yi a kan buhun. Daga hatsin nan ake ciyar da mai bishara, a ware na gwauraye da marayu, a ajiye na wanda ciwo zai kwantar kafin wata kaka. Ni a ganina tauhidinsu duka yana cikin wannan tiya, fiye da yadda yake cikin kowace huɗuba.

Jarrabawar wuta ta zo a watan Maris na 1987, sa'ad da rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtua, aka ƙone majami'u masu yawa, har da na Wusasa. Watanni shida bayan haka aka ƙirƙiro Jihar Katsina. A watan Afrilu na 2011 kuma, bayan zaɓen shugaban ƙasa, tarzomar da ta ci rayuka fiye da 800 a jihohin Arewa, Musulmi da Kirista, ta shafi Funtua da Malumfashi, aka sake ƙone wuraren ibada da shaguna. Baƙo idan abu ya ɓaci yana da garin da zai koma. Bamasihiye ba shi da shi. Kabarin kakansa yana bayan gida, gonarsa tana nan, saboda haka ranar Lahadi ta gaba sai a share toka a yi sujada a ƙarƙashin itace, bayan kaka kuma a fara buga tubali. Adalci ne kuma a faɗa cewa a irin waɗannan ranaku ba a rasa maƙwabta Musulmi da suka ɓoye mutane a ɗakunansu, domin a ƙauyukan nan sau da yawa wa Musulmi ne, ƙane Kirista, kaka kuma tana nan kan al'adarta, ana haɗuwa a suna da biki da jana'iza.

Me suke riƙewa a zuci har suke iya wannan? Littattafan da suka fi lalacewa don yawan buɗawa a gidajen nan su ne Zabura da Ayuba, kuma masu wa'azinsu suna yawan komawa ga Makoki, wanda aka rubuta a kan kangon Urushalima, da ƙarshen littafin Habakuk, inda annabin ya ƙudura yin murna da Ubangiji ko da gona da garke sun tashi ba komai. Manomi yana jin wannan da kunnen da ɗan birni ba shi da shi. Imaninsu shi ne Allah mai cika alkawari ne, kuma alkawarin da ya yi shi ne ba zai rabu da su ba, bai ce wahala ba za ta zo ba. Hujjarsu kuwa ita ce Almasihu da kansa ya sha azaba kafin ɗaukaka. Saboda haka wa'azin nan na zamani da ya cika talabijin, mai cewa duk mai bangaskiya sai ya yi arziki, ciwo da talauci kuma alamar raunin imani ne, ina ganinsa zalunci ne ga waɗannan mutane, domin in an bi shi, to, mutanen Gimi da na Babbar Ruga su ne mafi ƙarancin bangaskiya, alhali a kan kafaɗunsu aka ɗora ginin. A harshe kuwa ba su yi nisa da maƙwabtansu ba. Ka gai da Bamasihiye da hasara, zai ce maka sai haƙuri, Allah ya bayar, Allah ya karɓa, mun gode masa, kamar yadda malamin zaure zai yi maka bayanin sabri da tawakkali. Aƙida ta bambanta, kuma ba wanda ya isa ya share bambancin, amma ladabin tsayuwa gaban ƙaddara iri ɗaya ne.

Musibar da ake ciki yanzu ta bambanta da na baya, domin ba ta tambayar addini. A ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ranar 25 ga Mayu 2022 suka shiga gidan limaman cocin Katolika na Gidan Maikambo a ƙaramar hukumar Kafur, suka tafi da fada biyu da yara biyu, suka riƙe su kimanin wata guda. A watan Janairu na 2023 suka ɗauki masu sujada daga wata majami'a a ƙasar Ƙanƙara ranar Lahadi. A ranar 19 ga Agusta 2025 kuma suka buɗe wuta a masallacin Unguwar Mantau, ƙasar Malumfashi, ana sallar asuba, suka kashe gomman bayin Allah. Kuɗin fansa yana cinye abin da fari bai ci ba: a sayar da shanun huɗa, a buɗe rumbu tun kafin bazara, a jinginar da gona, a zagaya da kwano a majami'a da masallaci. A nan wajibi ne a faɗi wata magana ƙarara. Haƙurin talaka ibada ce tsakaninsa da Mahaliccinsa, ba uzuri ba ne ga mai mulki. Wanda aka ba amanar tsaron rayuka, idan ya ga mutane sun daure ya ɗauka an yafe masa, ya yi kuskuren lissafi duniya da lahira.

A tsakiyar wannan hali ne Paparoma Francis ya yanke Dayosis ɗin Katsina daga na Sakkwato a watan Oktoba na 2023, ya naɗa Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi, bishop na farko, aka keɓe shi a watan Disamba na shekarar, kuma ana lissafa shi Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Katolika. Angilika suna da nasu dayosis a Katsina tun 1990. Aikin da ke gaban shugabannin nan bai canja da yawa daga na masu bisharar farko ba: wa za a tura ƙauyen da fasto ya bari, ina za a sa yaran da makarantarsu ta rufe, yaya za a ciyar da iyalan da suka taru a gefen Funtua da Malumfashi.

A ƙauyukan da ba a tashi ba, shawarar da ake yi idan damina ta gabato ta koma ta dabara. Gonar da ke nesa a bar ta saura, ko a tafi cikin ayari a dawo kafin la'asar. Kusa da gida a rage dawa da masara, domin dogon kara yana ɓoye mai zuwa da sharri, a shuka gyaɗa da wake da waken suya. Hatsi kada a tara shi rumbu ɗaya, a kai wani gari wurin dangi. Taron addu'ar dare an dawo da shi yamma, samari kuma suna karɓa-karɓar tsaro a bakin hanya lokacin sujada. Da ruwan shuka ya sauka kuwa ana fita da sungumi, mata suna biye da iri a ƙwarya.